Ɗan'azumi da Fayafayan Silin

A Gazara aka haifi Ɗan'azumi, gidan manoman rake. Da rediyon mahaifinsa ya fara koyon gyara, rediyon kuma bai sake magana ba. Daga nan ya koma gyaran waya a tashar Maƙarfi, har wata kwalejin kuɗi ta ɗauke shi ya kula mata da intanet. Injiniya ake ce masa, bai kuma taɓa musawa ba.

Na'urori tara yake kiwo, masu raba wayfai, farare, manne a silin. Ɗalibai na ce musu fayafayai. Wani banki ne ya gaji da su shekara goma da suka wuce, kwalejin ta kwaso. Bana suka fara ƙin sababbin wayoyi. Shugabar kwalejin, Hajiya Kamila, ta ce masu duba makarantu na zuwa ranar Alhamis, in kuwa ba su tarar da wayfai ba, Injiniya zai koma sito gadin karyayyun kujeru.

Maganin a fili yake: a sabunta manhajar da ke cikin kowane faifai. Sai dai tsohon faifai ba ya karɓar sabuwa sai an danne wani ɗan maɓalli a bayansa da tsinke, daƙiƙa talatin ba ɗagawa, har fitilarsa ta yi ja.

Talata da safe ya hau tsani, ya danna, yana ƙirge. Ya kai ashirin sai ga Malam Inuwa mai gadi, abokin mahaifinsa. Ɗan'azumi bai taɓa gaida babba daga sama ba. Ya saki tsinke, ya sauko, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan Tukur. Gonar ta ƙi ne, ka koma shuka a rufi?"

Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi damina. Ya koma sama, ya kai sha bakwai, limamin kwalejin ya leƙo. Labari ya bazu cewa Injiniya yana bisa tsani yana sosa wa faifai baya, duk wani mai furfura a harabar ya zo gani. Kafin azahar ya sauko sau goma sha ɗaya, fitila tana nan koriya.

Laraba ya kwance fayafayan duka, ya jera su a tabarma, ya ja musu wuta. A tsugune ya danna na farko, Malam Inuwa ya iso, suka gaisa, tsinke na hannu. Suna kaiwa kan damina fitila ta yi ja. Ɗan'azumi ya gane gaisuwar daƙiƙa talatin ce cif, ya ajiye agogonsa, ya jawo na biyu.

"Baba, ina kwana?"

"Ba yanzu muka gaisa ba?"

"Wancan na faifan ofis ne, Baba."

Dattijon ya jure har sau takwas. A na tara ya ce, "Kai, lafiya! Iyalin nan dai ba su ƙaru ba tun ɗazu," ya kaɗa rigarsa ya fita. Ɗan'azumi ya saki tsinke da wuri, garin sake gwadawa ya fizge wayar wutar da gwiwa ana cikin zuba manhajar. Faifan ya mutu murus.

Ya mayar da su silin, mataccen ya liƙa shi a sito. Ranar Alhamis baƙi suka zaga aji-aji, wayoyinsu na kamawa, suka hango faifan sito, suka yaba wa kwalejin da ta kai wayfai har ɗakin kujeru. Hajiya Kamila ta dubi faifan, ta dubi Ɗan'azumi, ta ce, "Ai Injiniyanmu ba ya barin ko'ina."