Wurin Dauda a Ciyayya

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka binne ƙanena Dauda a bayan garin Illela. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'ar coci ba: har yanzu ina kishinsa. Na sani abin dariya ne, tsoho da furfura yana kishin mamaci.

Tare Baturen mishan ya turo mu Illela, lokacin Turawa ba su daɗe da shata iyaka tsakaninmu da Kwanni ba. Hukuma ta yarda mu zauna bisa sharaɗi guda: ba wa'azi a kasuwa, sai wankin gyambo. Ni mai baki ne. Dauda kuwa in ya fara addu'a sai ka yi gyangyaɗi kafin ya kai amin. Damina biyu muna wanke ƙafafun fatake, ba wanda ya bi mu, ƙwaryar da muka sha ruwa ma ware ta ake yi. Na gaji, na nemi a mayar da ni kudu. Can na samu coci cike, aka naɗa ni fasto, in na shigo har miƙewa ake yi.

Bayan shekara tara na kai masa ziyara, da niyyar in tausaya masa. Masu sujada a ɗakinsa huɗu ne, har da matarsa. Amma da aka idar da magariba, maƙwabta suka fito da kwanonin tuwonsu ƙofar gidan Malam Garba, wani falke mai fataucin kanwa, don ciyayya. Sai na ga Dauda ya ɗauki nasa kwanon ya zauna a tsakiyarsu, hannunsa da nasu cikin miya ɗaya. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a gefe, aka kawo mini nawa daban, cikin ladabi. Na ci nawa ni kaɗai, ina kallonsu.

Da na koma, Bature ya tambaye ni yadda aikin yake. Na ce mutum huɗu a shekara goma sha ɗaya, ai ɓarnar magani ce kawai. Ban yi ƙarya ba, amma ban ambaci ciyayya ba, kuma na san dalilina. Aka rufe wurin, aka daina aika masa magani.

Na je da kaina in ɗauko shi, har na tanadar masa aikin karanta sanarwa a cocina.

"Yaya, in tai ina?" in ji shi. "Bature ne ya ce in tashi. Wanda ya aje ni nan bai ce ba tukun."

Ya samu 'yar gona wajen ƙauyen Lafani, ya ci gaba da wanke gyambo da ruwan zafi da gishiri. Wata shekara fara ta cinye masa gero. Wata shekara biyu daga cikin huɗun nan suka daina zuwa. Ban taɓa jin ya ce Allah ya yashe shi ba. Ni kuwa in ruwan sama ya rage mini jama'a Lahadi ɗaya, fushi nake wuni yi. Da zai ga yadda mu fastocin yau muke ƙirga kawuna, ina jin murmushi kawai zai yi ya koma kan ƙafar da yake wankewa.

Har ya rasu ban gaya masa ni na kai maganar ba, shi ma bai tambaya ba.

Watan jiya na je ziyarar kabarinsa. Da yamma na biya ta ƙofar Malam Garba, na tarar ya makance, 'ya'yansa na jera kwanoni. Aka ce masa ga yayan Dauda.

"Mi kuke jira?" ya ce. "Ku matsa mishi, shi zamna wurin Dauda."

Dauda bai mutu ya bar coci ba, bai bar jama'a ba. Abin da ya bari shi ne wannan ɗan gurbi a kan tabarma. Shekara arba'in ina wa'azi ban samu irinsa ba, sai da sunan wanda na kai ƙara. Na zauna, na sa hannu cikin miyar, na ci ina hawaye, kuma kishin yana nan.