Hammatar Rigar Gwaggo

Masana sun raba tarihin ɗan Adam gida-gida, zamanin dutse, zamanin ƙarfe da sauransu, amma sun yi tuya sun manta da albasa. Wayewa ta fara ne ran da wata mace ta gano yadda ake yanka hammatar riga, a ɗaga hannu ba ta yage ba. A ƙauyenmu, can gefen Kunci, wannan macen gwaggona ce.

Gwaggo ba ta taɓa riƙe tef ba. Da taƙi take awo. Ta ninke atamfa uku, ta sa almakashi sau biyar, ta dasa wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata, in ta gama ko abin toshe bakin kwalba ba ya saura. Masu daka da masu tsinkar tumatir a gonakin rani na Watari duk ita suke aiko wa yadinsu. Da wannan yankan ta riƙe marayu huɗu, har da ni.

A shekarata ta biyu a kwalejin horar da malamai aka kawo mana sabuwar malamar tsara tufafi, wata Hajiya mai kalma guda a baki: ƙirƙira.

"Ku daina kwafar rigunan cikin waya," in ji ta. "Ku koma gida ku dubi hannun iyayenku. Malamin da bai iya ƙirƙira ba, aku zai yaye."

Na rubuta wannan a bangon littafina, har na ja masa layi biyu.

Da hutu na roƙi Gwaggo ta koya mini. Ta daɗe tana kallona.

"Zan nuna miki, ke tawa ce. Amma ban da takarda. Abin da aka rubuta ƙafa gare shi."

"Gwaggo, makaranta ce fa, ba kasuwa ba."

"To, 'yar boko. Ɓarawon zani ma ai da sallama yake shigowa."

Na ɗinka rigar na kai. Hajiya ta juya ta ciki da waje, ta tambayi ragowar yadin, na ce babu. Sai ta cire tabarau.

"'Yata, wannan ai taska ce. Sai dai ilimi ba ya tafiya da taƙi, hannuna da naki ba ɗaya ba ne. Mayar mini da awon zuwa inci, ki zana kowane ninki a takarda, in san yadda zan ba ki makinki."

Wannan "'yata" ita ta ci ni. Kwana uku na yi ina zane, da irin kyan rubutun da ake yabona da shi tun firamare. Rigar ta dawo da maki matsakaici da jan biro: ta fita daga manhaja. Takardar kuwa ba ta dawo ba.

A baje kolin ƙarshen shekara na sake haɗuwa da hammatar Gwaggo, jere a kan riguna goma sha biyu. An kafa kati da sunan Hajiya, an ce sabon yanka ne mai hana ɓarnar yadi, sakamakon dogon bincike. Da aka yi tafi har da ni, don ina layin gaba. Bayan an watse na tare ta.

"Hajiya, yankan gwaggona ne."

"Allah ya yi mata albarka," ta ce, tana gyara mayafi. "Ilimi ai kogi ne, ba a kafa masa shinge. Ki gaishe ta."

An buga zanen an raba wa ɗalibai, ɗalibai kuma suna da 'yan'uwa teloli. Kafin damina biyu masu keken ɗinki na kasuwa sun iya, kuma su a yini suke gama abin da Gwaggo ke yi a mako. Aike ya ja baya. Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo da sabuwar riga, Gwaggo ta ce mata ta ɗaga hannu. Ta duba ɗinkin, sannan ta juyo gare ni.

"Inci nawa aka ce taƙina?"

"Takwas da rabi."

"Ashe."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta ci gaba da zuba mini tuwo kamar kullum, amma daga ranar, in na shigo tana yanka, sai ta ajiye almakashi ta tambaye ni labarin karatu.

Na fito da takardar shaidar cewa zan iya cusa wa yara ƙirƙira a fannin tufafi. Makarantar da aka tura ni ba ta da keken ɗinki ko ɗaya. Lissafi nake koyarwa.