Ranar da na wanke masakin Kaka

Shekarun baya, ba masu yawa ba don ni kaina ban daɗe a duniya ba, na kusa raba kakata da sana'ar da ta fi mahaifina shekaru. Kuma da kyakkyawar niyya na yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, muna hutu. Yayata tana karatun ƙananan halittu a jami'a nan Zuru, wato su bakteriya da fumfuna, abubuwan da ido ba ya gani. Wata safiya mahaifiyata za ta gona ta ce mata, "Tafi da ita makarantarku. In na bar ta gida, kafin in dawo ta sayar da rufin ɗaki." Sharri ne, sau ɗaya tak na taɓa hawa rufin nan.

A ɗakin gwaje-gwajensu yayata ta miƙo min wani ɗan farantin gilashi mai murfi, da wani abu kamar daskararren kunu a ciki. Ta ce in danna yatsuna a kai. Na ce hannuna tas yake. Ta ce to, danna dai. Bayan kwana biyu muka koma, sai ga shatin yatsuna biyar sun tsiro: ɗigo-ɗigo farare, wasu rawaya, ɗaya har da gashi kamar tsohon burodi. Ta lakato kaɗan ta shafa a gilashi, ta ɗiga masa launi, ta sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Na kafa ido.

Jama'a, gari guda na gani. Wasu dogaye kamar ƙwayar shinkafa, wasu a dunƙule kamar 'ya'yan gero, sun yi cincirindo sun fi kasuwar Zuru cika ranar jajibirin Kirsimeti. Duk a kan yatsan da nake cin tuwo da shi! Yayata ta ci gaba da bayani, wai akwai masu cutarwa akwai masu amfani, amma ni kunnena ya toshe tun daga "masu cutarwa".

Na dawo gida na zama soja. Na wanke cokula, na wanke marfin randa, na kama ƙanena na wanke har ya yi rantsuwar zai kai ƙarata wurin Baba a barikin da yake aiki. Daga nan idona ya faɗa kan masakin Kaka.

Kaka, mahaifiyar babana, daddawa take yi. Mata daga Rikoto har Mahuta ba sa miya sai da tata. Takan dafa kalwa wuni guda, ta surfe a turmi, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta juye da zafinta cikin wani ƙaton masaki da ta shimfiɗa wa ganye, ta rufe da buhu ta ajiye a lungun ɗakin girki. Kwana uku, warin ya fito ya gaishe da maƙwabta. Masakin nan ya yi baƙi ƙirin, kuma tunda nake ban taɓa ganin sabulu ya taɓa shi ba. Ta dai goge shi da ganye ta kife. A raina na ce, in yatsana da nake wankewa kullum yana ɗauke da gari guda, ai wannan ƙasa ce sukutum da gwamnatinta.

Ranar da Kaka ta tafi taron zumuntar mata a coci, na ɗauko ruwan bilic da mahaifiyata ke wanke fararen kaya da shi, na tuttula rabin kwalba a masakin, na cika da ruwa na bar shi ya jiƙa har rana ta karkata. Na dirje da soson ƙarfe, na ɗauraye, na shanya, na mayar na kife a inda yake. Na kwana ina jin kaina kamar wadda ta ceci al'umma.

Mako na zagayowa Kaka ta yi daddawa. Kwana uku, shiru, ba wari. Ta buɗe, kalwar tana nan a warwatse, ba laushi, ba yauƙin nan da ke bin hannu, sai wani tsami-tsami da baƙar fumfuna a gefe. Ta ce ƙila kalwar ce. Ta zubar, ta sake sabuwa. Ita ma haka.

A karo na biyun ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don Kaka ko kaza ta taka mata tabarma sai ta ji tarihin kakanninta. Ta zauna a kan turmi ta juya tafin hannunta tana kallo. Mahaifiyata ta ce, "Mama, ki sake gwadawa mana."

Ta ce, "A'a. Hannun ya mutu. Haka ya faru ga uwata, shekarar da daddawarta ta ƙi, ba ta ƙara ba. Ni ma nawa lokacin ya zo."

Ta sa aka ɗora masakin a kan rumbu. Mata suka riƙa zuwa tana sallamarsu daga cikin ɗaki. Tuwo ma sai ta taɓa loma biyu ta ture. Ni kuwa kwana huɗu ina ɓoye laifina. Na so in yi shiru har abada, don na san hannun Kaka, ko da ya mutu wajen daddawa, bai mutu wajen mari ba. Amma da na ga ta fara raba wa maƙwabta ragowar kalwarta, na ja yayata bayan gida na faɗa mata komai.

Ta dafe kai. "Bilic? Ke wace irin halitta ce? Kin san abin da kika yi? Ma'aikatan Kaka kika kashe, kuma kika bar musu guba a gidan."

Na ce waɗanne ma'aikata. Ta ce ba hannu ke mayar da kalwa daddawa ba, wasu bakteriya ne da suka zauna a jikin masakin shekara da shekaru. Su ke cin kalwar su tausasa ta, su ba ta wari da ɗanɗano, kuma in suna nan da yawa, miyagun ba sa samun wurin zama.

Muka je gaban Kaka. Na durƙusa nesa kaɗan, inda na auna sandarta ba za ta kai ba, na amsa laifina. Ta dube ni ta dubi yayata.

"Mi kuke faɗi haka? Ba kowa cikin masakina. Ni ke goge shi, da na gan su."

"Kaka, ba a ganin su da ido."

"To aljanu ne ke nan."

"Ba aljanu ba ne. Ki zo ki gani."

Sai da aka yi kwana biyu ana lallashi. Ranar da ta yarda, ta ɗaura zanen zuwa coci. Yayata ta nemi izinin malaminsu, ta kuma ɓanto ɗan guntun tsohuwar daddawar Kaka da ya rage a tukunyar kayan miyar mahaifiyata. Ta jiƙa shi, ta shafa, ta saita madubin. Kaka ta sunkuya, ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, aka gyara mata.

Ban taɓa ganin Kaka ta yi shiru mai tsawon haka ba alhali tana farke. Ɗaliban da ke ɗakin duk suka daina abin da suke yi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Waɗanga 'yan sandunan duka, cikin ɗan abin da kika lakata?"

"E, Kaka."

"Kuma tun ina amarya suna wurina?"

"Su da kakanninsu."

Ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta sake sunkuyawa kan madubin, ta ce a hankali, "Sannunku da aiki."

Wani ɗalibi ya fara dariya, sai ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

Gyaran bai yi wuya ba. Aka sayo sabon masaki, yayata ta ce a marmasa ragowar tsohuwar daddawar a cikin dafaffiyar kalwa in ta ɗan huce, su za su hayayyafa da kansu. Hukuncina shi ne surfe. Na yi daka har sai da na ji kafaɗuna sun koma na wani. A rana ta uku da hantsi, ina shara, wari ya bugi hancina, irin wanda da nake toshe hanci saboda shi. Na yar da tsintsiya na ruga. Na tarar Kaka ta riga ni, ta ɗaga buhun, ta tsoma hannu ta ɗago, yauƙi yana bin yatsunta zare-zare. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta shafa min shi a goshi ta ce, "Ja'ira. Je ki ce ma matan Rikoto na buɗe."

Har yau ina wanke hannu kafin in ci abinci, kar wani ya ce na ce a daina. Abin da na daina shi ne ɗauka cewa duk abin da ban gane amfaninsa ba datti ne. Kuma har yau in na tuna cewa a cikin ƙwarya guda, a lungun ɗakin girkinmu mai hayaƙi, akwai rayuka da suka fi mutanen da na taɓa gani yawa, suna aiki ba hutu don miyar kuka ta yi daɗi, sai in ji kaina ya yi min ƙanƙanta.

Kaka tana nan tana daddawarta. In mai saye ta yaba ta ce, "Mama, hannunki akwai albarka," sai ta girgiza kai ta ce, "Ba ni ɗaya ba ce. Muna da yawa."