Akwatin Ƙwallo a Gindin Randa

Ɗiyata ta fari ta faɗi jarrabawar shiga babbar makaranta a zuwanta na farko, kuma ba rashin karatu ne ya kayar da ita ba. A kwamfuta ake yin jarrabawar, ita kuwa har ranar da aka kai su Sakkwato ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Ta ce mini ta san amsoshin, amma ɗan abin nan da ake ja bisa tebur, wanda ake ce wa maus, ya ƙi bin hannunta. Ta ja dama, kibiyar ta tsere sama. Kafin ta saba, lokaci ya ƙare. Da ta dawo Wurno ta ce ba za ta sake zuwa ba sai in hannunta ya iya, don ba ta son ta sake zama tana kallon amsa ta kasa taɓa ta.

Ni manomin rani ne. Albasa da tafarnuwa nake yi da ruwan da ake sako mana daga dam ɗin Goronyo, ina kuma gyaran injin ban ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba. Sannan ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle ɗakin albasa sai na dawo daga bakin hanya na sake taɓa kwaɗon. In na ari fartanya, ba ni da sukuni sai na mayar. To, maganar yarinyar nan ta zauna mini a ƙirji. Sayen kwamfuta ya fi ƙarfina, wurin koyo kuma sai Sakkwato, ni kuwa yadda hanya ta zama ba zan iya sa ɗiya mace a mota kullum ba.

Wata ranar kasuwar Goronyo na je neman kayan inji, sai na zauna a rumfar wani mai gyaran waya, sa'ana ne, mun saba. Na ba shi labari. Ya tambaye ni ko muna da irin ɗan baƙin akwatin nan da ake haɗawa da talabijin a kalli ƙwallo. Na ce akwai ɗaya a ɗakina, amma ba nawa ba ne. Na ƙanena ne. Yana da gidan kallo a wani ƙauye na ƙasar Rabah, da ɓarayin daji suka matsa musu ya rufe ya koma cikin garin Rabah, ya kawo mini akwatin da ƙaramar talabijin ajiya.

Mai gyaran ya ce, "Wanga akwati kwamfuta na, an dai hana shi sanin kainai. Abin da ka tuƙa shi ciki, shi aka ce ma babbar manhaja. Wadda anka sa mai kallo kaɗai ta iya. In ka ɗora mai wata, sai shi yi aikin kwamfuta."

Na ce, "An yi shi don haka?"

Ya ce, "Injin ban ruwanka an yi shi don kafireton babur? Ba kai kas sa mai ba?"

Gaskiya ya faɗa, na taɓa yi, kuma injin yana nan yana ja. Ya bayyana mini cewa za a zuba sabuwar manhajar a memori irin na waya, a soka a gefen akwatin. Ta ciki ba za a taɓa ta ba. Na tambaye shi ko akwatin zai iya mutuwa. Ya ce komai yana iya mutuwa. Wannan amsa ta hana ni cin abinci da daɗi har na iso gida.

Uwar ɗiyan ta ce in gwada kawai, ai ƙanena ne. Na ce ajiya ajiya ce. Na hau babur na tafi Rabah.

Na iske shi a bakin shagon da yake tsare wa wani. Na yi masa bayani tun daga farko, har da cewa akwai yiwuwar akwatin ya lalace, kuma in ya lalace ban san yaushe zan iya biyansa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya kwashe da dariya.

"Yaya, don wagga magana kat taso tun daga Wurno? Ba ka da waya?"

"Maganar amana ba a yin ta a waya."

"Kai ko ƙaiƙayi za ka sosa sai ka nemi izinin jikinka. Ɗiyar wa ta? Ba tawa ta ba? Ka hwasa shi in ka so."

Na ce ba na son in fasa, ina dai son ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Ya ɗaga hannu ya kira mai shayin da ke gefe ya ce ya zo ya zama shaida, yayansa ya zo ɗaurin auren akwati.

Kasuwar da ta zagayo na koma Goronyo. Mai gyaran ya zuba manhajar a memori, ya samo mini tsohon kibod da maus, ya nuna mini sirrin abin. A bayan akwatin akwai wani ɗan rami, can cikinsa akwai maɓallin da ido ba ya gani. Sai an zura tsinke an danne shi, a riƙe, sannan a ba akwatin wuta. Haka ne zai bar manhajarsa ta gado ya tashi da baƙuwar.

Na ɗauko batirin sola daga fadama a ranar da ba ni da ban ruwa. Da hantsi muka zauna a ɗakina, ni da ɗiyata. Na sa ta fere mini tsinken tsintsiya, sai na ji tsoron ya karye a ciki. Na ɗauko allura, na ji tsoron ƙarfe ya haɗa wuta. Daga ƙarshe tsinken sakace na yi amfani da shi. Na yi bismilla, na zura, na ji ɗan ƙas, ita kuma ta haɗa waya.

Talabijin ta yi baƙi ƙirin. Muka jira, ba komai.

Na ce shi ke nan, na kashe kayan mutane. Ita ce ta ce, "Baba, cire memorin mu gani." Na cire, muka sake kunnawa, sai ga hoton da aka saba gani ya fito lafiya lau. Na yi hamdala kamar an ce mini maras lafiya ya tashi.

Na kira mai gyaran. Ya ce irin waɗannan akwatuna a waje kamarsu ɗaya, a ciki kowa da zuciyarsa, sai an buɗe an karanta lambar da ke kan ɗan baƙin ƙarfen tsakiya, a gaya wa manhajar da wa take magana. Buɗewa kuwa ba ta cikin abin da na nemi izini. Na kira ƙanena. Ya ce in na sake kiransa kan akwatin nan zai zo ya jefa shi a gulbin Rima mu huta gaba ɗaya.

Na buɗe a kan farin ƙyalle don kada wata 'yar ƙusa ta ɓace. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ita ta karanta. Sannan ta sa memorin a wayar uwarta, mai gyaran yana faɗa mata ta waya, ta sami layin da ake canzawa ta canza. A nan na ga amfanin karatunta, don ni Turancin ya yi mini nisa. Muka gwada, ya ƙi. Ashe lambar tana da 'yan'uwa masu kama da ita. Muka gwada wata, ya ƙi. Kowane gwaji sai na cire memori na tabbatar akwatin ƙanena yana da rai kafin mu ci gaba, har ta fara cewa, "Baba, shina nan, bai tahi ko'ina ba."

A wani gwajin, ina danne da tsinke, sai fararen rubutu suka fara gudu a kan baƙin gilashi, layi bisa layi, kamar ruwa in an buɗe masa kwalbati. Ta ce, "Baba, saki tsinken!" Na kasa saki. Sai da ta janye hannuna. Can sai ga shuɗin fili, ga 'yar kibiya a tsakiya. Ta taɓa maus, kibiyar ta motsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Uwarta ta shigo da muciya a hannu tana tambayar mi ya faru.

Murnar ba ta daɗe ba. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano. Rana na ɗagawa abin ya tsaya cik, kibiya ta ƙi motsi, sannan ya mutu. Na taɓa akwatin, zafi kamar kaskon masa. Da ya huce ya tashi, da ya ɗumama ya sake mutuwa. Mai gyaran ya ce sabuwar manhajar tana sa shi aikin da bai saba ba, sai a nemi fanka. Fanka kuwa za ta shanye batirin da talabijin ke jira. Na zauna na yi tagumi. Ga abu ya yiwu, amma yarinya ba za ta iya zama a kansa ko na tsawon jarrabawa ɗaya ba, kuma ina tsoron zafin ya ƙona kayan ajiya.

Uwar ɗiyan tana tsaye bakin ƙofa ta ce, "Malam, in goronka na son bushewa, ina kaka aje shi?"

Na ce gindin randa.

"To, shi wanga ya hi goro daraja?"

Na ce ruwa da wuta ba sa haɗuwa, kada ta jawo mana masifa. Ta ce ba cikin randar ta ce in tsoma shi ba.

Randarmu tana ƙarƙashin rumfa, a kan jiƙaƙƙen yashi, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na daɗe ina zagaya ta ina lissafin ta inda ɗigo zai iya zuwa. Daga baya na kife ƙaramin kaskon ƙasa a kan yashin, na cire murfin akwatin na sama don ya sha iska, na ɗora shi bisa kaskon, nesa da jikin randar da kamar tafin hannu. Na kafa faifai tsakani saboda masu ɗibar ruwa. Na kafa doka: duk mai son sha ya ɗiba ta wancan gefen, kuma kada a bar moɗa tana ɗiga. Muka jawo talabijin da tabarma zuwa rumfar.

Muka kunna. Azahar ta yi, yana aiki. Na tafi masallaci, Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana gindin randa. Na dawo na iske yarinyar tana buga sunanta a kibod da yatsa ɗaya. La'asar ta yi, yana aiki. Na taɓa shi, ɗumi kawai kamar jikin mutum mai lafiya.

Mai gyaran ya sa mata tambayoyin gwaji irin na jarrabawar, masu agogo a gefe. Kullum in ta gama aikin gida sai ta zauna. Da farko kibiyar na yawo kamar akuyar da ta tsinke. A hankali ta ladabtu. Kafin a cire albasa ta kai ga tana gama tambayoyi agogo bai ƙare ba, har tana juyowa ta yi wa uwarta magana hannunta na aiki. Ƙawayenta biyu da su ma za su zauna jarrabawar suka riƙa zuwa, ni kuma ina daga gefe ina tsaron moɗa.

Ranar jarrabawa ni na raka ta Sakkwato. Na zauna a inuwar wata bishiya ina tunanin duk abin da zai iya faruwa: ko nasu maus ɗin daban ne, ko kibod ɗinsu ba a jere yake kamar namu ba. Da ta fito na miƙe na tarbe ta. Ta ce, "Baba, kwamfutarsu ta hi tamu sauri, amma tamu ta hi ta sanyi." Sai ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin zuwanta na farko.

Ta ci, kuma da maki mai kyau. Aikin jinya ta karanta.

Bayan sakamako ya fito na cire memorin, na mayar da murfi, na ɗaure ƙusoshin duka, na kunna na ga manhajarsa ta gado ta tashi yadda aka kawo mini shi. Na goge shi na naɗe a ƙyalle na kai Rabah. Ƙanena ya juya shi a hannu ya ce, "Wanga da yac ci jarrabawa, ni ka mai da shi kallon ƙwallo?" Ya tura mini shi. Na ce sai dai ya faɗa da bakinsa cewa kyauta ce, ba ajiya ba. Ya sake kiran mai shayi.

Akwatin yana nan a gindin randa, ƙannenta ke koyo a kansa. In ƙanena ya zo Wurno ranar da ake buga wasa, sai ya zare memorin ya kalli ƙwallonsa, in ya gama ya mayar. Tsinken sakacen ma yana nan, na soke shi a jikin rumfa inda yara ba sa kaiwa.