Ƙarshen Fim ɗin Mai Kwalekwale

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai ɓata wa iyalan mamaci rai. Sai da na je na nemi izininsu, suka ce in rubuta.

Ban taɓa mantawa da ranar da na haska fim ɗin marigayi Malam Ɗanjuma ba. Sana'ata ita ce juyar da tsofaffin kaset na bidiyo zuwa filashi, shagona yana Hayin Banki. Akwai wasu masu shirya fim da masu sharhi da ke haɗuwa duk ƙarshen wata a wani ɗakin taro a Unguwar Dosa. Dokarsu ɗaya ce: ba mai kawo nasa fim, sai na wani wanda ya burge shi. Ni nake kai na'ura in haska musu.

A wannan watan zaɓin Alhaji Bala ne, wani tsohon darakta. Ya ce fim ɗin Malam Ɗanjuma yake so, wanda ya sa shi shiga sana'ar. Aka nema ko'ina ba a samu ba, sai kaset ɗaya tak a wurin matar marigayin a Unguwar Kanawa. Da na je karɓa, Hajiya ta ciro shi daga ƙasan akwati a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce, "Malam Isiya, ban taɓa iya kallonsa ba tun rasuwarsa. Kar a kwafa. Ku kalla ka dawo min da abina."

Ga wanda bai sani ba, kaset yana da wani ɗan harshe a gefe. In an karya shi, ba a iya ɗaukar wani abu a kai. In an liƙe ramin da salatif, ana iya ɗauka, abin da ke ciki ya goge. Wannan kaset a liƙe yake. Na so in ɓare, na ce a'a, ba nawa ba ne. A shagona kuwa bidiyo biyu ne a jone da juna, ɗaya na karantawa, ɗaya na iya ɗauka. Na sa shi a ɗaya na gwada farkonsa, aka ɗauke wuta, na fita salla na bar shi a ciki. Da wuta ta dawo na cire. Ban sake kunna shi ba don kar zaren ya tsinke.

Ranar taro, bayan la'asar, ɗaki ya cika. 'Yar marigayin, Maryam, ta zo a madadin mahaifiyarta. Na kunna fim ɗin. Labarin wani mai kwalekwale ne da amininsa ya yi masa ƙazafi aka kore shi daga gari. Alhaji Bala ya kasa yin shiru. "Ku duba! Ba kiɗa, ba waƙa, ƙarar ruwa kawai. Mu da tuni mun sa rawa a nan."

Malama Hadiza, mai sharhin fim a jarida, ta ce, "Kai da ka sa biyu, Alhaji." Aka kwashe da dariya.

Aka zo wurin da aminin ya shiga kwalekwalen bai gane cewa matuƙin shi ne wanda ya yi wa ƙazafi ba. Suka kai tsakiyar kogi. Matuƙin ya daina tuƙi, ya ajiye filafili. Sai hoton ya yi rawa, ga rago a ɗaure, ga maza a kan tabarma ana raba goro.

Taron suna. A makon nan kaset ɗin suna har uku na juya a shago. Na ce a raina shi ke nan, da wuta ta dawo bidiyon ya ɗauki taron sunan wani a kan amanar Hajiya. Alhaji Bala ya waiwayo: "Isiya, mene ne haka?" Ni kuwa ina ta tunanin da wane ido zan kalli baiwar Allah nan. Na kai hannu zan kashe.

Maryam ta miƙe. "Baba Isiya, dakata! Wannan ai ƙofar gidanmu ce."

Hoton ya shiga cikin gida, ya tsaya a kan wata jaririya a naɗe cikin zane. Sai muryar mai riƙe da kyamarar ta fito yana dariya: "Maryamu, yau kin cinye min ƙarshen fim. Fim ana sake bugawa, suna kuwa sau ɗaya ne."

Alhaji Bala ya cire hula ya dafe kai. "Wallahi muryar Ɗanjuma ce." Maryam ta zauna tana kuka tana dariya, tana ƙarama ya rasu, ba ta riƙe muryarsa ba. Ni kuwa na jingina da bango ina ta hamdala. Daga baya Hajiya ta tuna cewa a safiyar sunan marigayin ya rasa sabon kaset, shi ne ya liƙe na fim ɗinsa ya ɗauka a kai, yana ganin akwai kwafi birjik a kasuwa.

Sai gardama ta ɓarke kan yadda fim ɗin ya ƙare. Alhaji Bala ya rantse matuƙin ya kife kwalekwalen. Malama Hadiza ta ce sam, ya ƙetarar da shi, a bakin gaɓa ya kira shi da sunansa na yarinta. Wani mai ɗaukar hoto ya ce ruwa kawai aka yi ta nunawa har aka rufe. "Kai lokacin kana goye," in ji Alhaji. Har aka kira magariba ba su daidaita ba.

Abin da na gane a ranar shi ne, mutanen nan da nake ganin kishin juna kawai suka iya, kowannensu yana ɗauke da fim ɗin wani a zuciya. Ni kuma yanzu duk kaset ɗin da aka kawo min, sai mun kalli ƙarshensa tare da mai shi.

Hajiya ta yarda na juya wa Maryam wurin sunan. Ƙarshen fim ɗin ne har yau babu. Don Allah, duk wanda ke da tsohon kaset mai wannan labari, ko da ya yi fumfuna, kar ya wanke shi da kansa, ya tambayi Isiya mai juyar kaset a Hayin Banki. Wanda kuma ya taɓa kallo, ya zo ya faɗa mana abin da matuƙin ya yi. Maryam tana so ta san abin da ta cinye.