Gadin Randa

Soja na aura, na haifa masa maza huɗu, shi kuwa ya ɗauka rundunar da gwamnati ta hana shi ce Allah ya ba shi a gida. Shawish ne, wato saje mai igiya uku, a ƙishla, barikinsu ke nan, mutanen da ke ƙarƙashinsa ba su taka kara sun karya ba, amma a gidanmu na unguwar Misfala a Makka babu hafsan da ya kai shi. Wannan shekaru kaɗan ne bayan an gama yaƙin Turawa na biyu. Kafin mu sauka a gidan nan mun zauna Jidda, mun zauna Ɗa'if, mun koma Jidda, har na gaji da kwance igiyar babban akwatina na bar ta a ɗaure. Kullum kunnena yana ƙofa, ina jiran a ce mu tashi. Ko yau da tsufa ya kama ni, ba na iya gama shayi a zaune wuri ɗaya.

Tun kafin kiran assalatu yake tafa hannu sau biyu, yaran su miƙe daga shimfiɗa a saman soro. Buta ɗaya kowa, sannan su jera bisa tsayi su bi shi zuwa Harami, babba a gaba, auta a baya yana tuntuɓe da barci. In sun dawo kowa ya ɗauki allonsa. Rana na leƙowa sai taftish, binciken soja: kowane yaro ya tsaya gefen tabarmarsa a naɗe, matashi a kai, uban ya duba farce, ya duba bayan kunne, ya shafa kai ya ji ko gashi ya fara tsirowa. Gidanmu ba a jin garmaho, ba a busa shisha, ba a rantsuwa a kan abin banza. Zan faɗi gaskiyarsa, bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗa ba. Dokokinsa biyu ne, ba a ƙarya, kuma laifin ɗaya laifin duka ne. In ɗaya ya fasa kofi, duk huɗun za su fuskanci bango har a kira azahar, domin a cewarsa a fagen fama barcin mutum ɗaya ke kashe goma.

Na ukunsu shi ne damuwata. Shekararsa bakwai, siriri, ba ya magana da yawa sai 'yan waƙe-waƙensa da yake yi wa kansa, kuma yana fitsarin kwance. Shekara biyu ina rufa masa asiri. Ina da wata tabarma a ɓoye bayan ƙofa, suna fita masallaci sai in haye sama da gudu in musanya, in wanke jiƙaƙƙiyar in shanya ta can bayan katanga inda maigida ba ya leƙawa. A gidan da ba a ƙarya, ni na yi shekara biyu ina yin ta da hannuna ba tare da na buɗe baki ba, kuma ko kaɗan ban ji kunyar Allah a kan wannan ba.

Awakin Makka ne suka tona ni. Waɗannan dabbobi ba abin da ba sa ci, takarda, tsumma, igiya. Wata akuyar maƙwabta ta haura ta cinye rabin tabarmar da na shanya, washegari ba ni da ta musanyawa. Yaron ya naɗe tasa a jiƙe, ya tsaya gefenta yana kallon ƙasa. Uban ya sa ƙafa ya warware ta. Ni ya juyo ya kalla, kallon da ya gaya mini ya gane komai tun daga farko.

A makon nan aka ce ƙungiyarsu za ta hau Ɗa'if, kamar yadda ake yi duk bazara in zafi ya kori manya daga Makka. Zai riƙa saukowa ranar Alhamis bayan kowane mako biyu. Kafin ya tafi ya tara su, ya ɗaura wa babbansu tsohon bel ɗinsa, ya naɗa shi wakili, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ya ce in ya dawo aka ba shi rahoton kwana goma a jere ba jiƙaƙƙiyar tabarma, zai ɗauke su duka a motar sojoji zuwa Ɗa'if, su sha inabi su kwana cikin sanyi. In kuwa ba haka ba, ba mai zuwa. Manyan biyu sun san Ɗa'if, sun cika wa ƙanana kunne da labarinta, sai ka ga idanunsu kamar an ce Aljanna za a kai su. Na bi shi ɗaki na ce masa wannan abu ba da umarni ake daina shi ba. Ya ce jiki ma soja ne, in an hore shi yana bin doka. Na ce to Allah ya ba jikin nan igiya uku shi ma. Ya saɓa jakarsa ya fita.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, Basakkwata, wadda ta zo ta Sudan a ƙafa tun tana budurwa. Ita ta karɓo mini rubutu wurin wani malami, ta ce in wanke da zamzam in ba yaron da safe. Kwana biyu na farko ba abin da ya sauya. Rana ta uku na hau sama na taɓa tabarmarsa na ji ta ƙamas. Ta huɗu haka, ta biyar haka. Murna ta kama ni har na soya waina na raba sadaka a ƙofar gida, na bi gidajen matan sojoji ina yabon malamin nan, har biyu daga cikinsu suka ce in kai su.

Yawon gidajen nan ba don malami kaɗai nake yinsa ba. Raɗe-raɗi ya bazu cewa bayan bazara za a tura wasu can arewa, wajen Tabuka, inda ba mu san kowa ba. Na kasa zaune na kasa tsaye. In wannan ta ce mini sunan mijina na ciki, sai in ruga wurin waccan ta ce ba ya ciki. In dawo gida in fito da kaya daga akwati, in mayar, in sake fitarwa. Jikina yana gidan, hankalina yana kan hanyar da ba a ma ce mu bi ba tukuna.

Duk da haka na ga abubuwa, ba zan ce ban gani ba. Randarmu, wadda a nan ake ce wa zir, tana ƙarƙashin matakala, mai ruwa yana zuwa da garwa biyu a sanda ya cika ta kowace safiya. Daga la'asar sai in ga babban ya ɗauko allonsa ya zauna jikinta. Da magariba ya tashi, mai bi masa ya karɓe shi. Na ce a raina sanyin wurin suke bi. In na ukun zai yi alwala, sai wansa ya tsaya a kansa yana kallon bakinsa har ya furzar da ruwan kurkura. Na ce ai koya masa yake. Da daddare na ukun yakan gutsuri gurasa ya yi ta tauna ba ta wucewa, ya ture kwanon. Waƙe-waƙensa suka ɗauke. Wata rana ma na tarar da shi ya manna kumatunsa a jikin randar, yana lasar raɓar da ke tsattsafowa ta waje, na daka masa tsawa na ce ya daina ƙazanta.

Da na yi wa babban tambaya ɗaya, da ta isa. Amma ɗan fari ne. Uwata a hanyar Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da matan Kano, kuma haka ta tarbiyyantar da ni. Ba na kiran sunansa, ba na zama in yi hira da shi, in ina son ya yi abu sai in faɗa wa iska, ko in aika ƙaninsa. Matan Hijaz da ke layinmu suna yi mini dariya, su da ke rungume nasu a bainar jama'a, ni kuwa ina jin na fi su tarbiyya. Don haka na wuce shi a jikin randar nan yamma bayan yamma, da bel ɗin ubansa da ya zagaye shi kusan sau biyu, ban ce masa uffan ba.

Kwana uku kafin Alhamis iskar samum ta taso. Wanda bai zauna Makka da bazara ba ba zai gane ba, duwatsun da suka kewaye mu sukan riƙe zafi su dawo mana da shi, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, iska in ta shigo taga sai ka rufe. Ranar Alhamis ɗin tun safe nake kaiwa da komowa, na share gida sau biyu, na ɗora tuwo, na leƙa titi ya fi a ƙirga, domin maigida zai zo da labarin Tabuka ko na rashinta. Bayan la'asar ina murhu sai na ji wani abu ya faɗi a zaure, ba ƙara sosai ba. Na fito na tarar da na ukun a ƙasa, idanu a juye, jikinsa zafi rau, kuma ko ɗigon gumi babu. Leɓɓansa sun tsattsage. Ni uwarsa sai a lokacin na ga leɓɓan nan.

Ihuna ya kawo tsohuwar. Ba ta tambayi komai ba, ta tuɓe masa riga, ta ce a kawo ruwa. Muka yi ta kwara masa, muna jiƙa zane muna lulluɓa shi, tana yi masa fifita tana salati. Zauren ya zama taɓo. Muna cikin haka maigida ya yi sallama, da ƙurar hanya a kakinsa da kwandon inabi a hannu. Ya ajiye kwandon ya tsaya.

Can yaron ya buɗe ido. Na tallafo kansa na kai masa kofi baki, sai ya datse haƙora. Na lallashe shi, na roƙe shi, tsohuwar ta ce ya sha don Allah don Annabi. Maƙogwaronsa yana motsi, idonsa yana kan ruwan, amma ya kau da kai ya dubi bakin ƙofa, inda babban yake tsaye. Auta ne, ɗan shekara huɗu, ya ja gefen zanena.

"Ummi, mamnu'i ne, an hana," ya ce. "Ba a ba shi sai gobe da asuba."

Uban ya juya ya dubi wakilinsa. Yaron nan ya haɗa ƙafafu, ya miƙe ƙyam, ya ba da rahoto kamar yadda aka koya masa, ba ragi ba ƙari. Su ukun manya suka zauna suka yanke shawara tun rana ta biyu, har da shi mai abin, ya kuma yarda. Ba ruwa daga la'asar har asuba, su biyu suna karɓa-karɓar gadi. Da aka kusa, shi wakilin ya ji tsoron kada a yi asara a ƙarshe, sai ya dawo da dokar tun daga azahar. Yau kuma ya ga gara a haƙura tun safe, tunda daren yau ne uban zai gani da idonsa.

"Kwana goma sha ɗaya, Baba," ya ce. "Tabarma a bushe."

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na san na faɗa wa mijina maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, a gaban maƙwabciya, a gaban 'ya'yansa. Na ce ga rundunarka nan, ka duba farcenta. Amma ina zaginsa ina tuna wainar da na soya, domin shi yana Ɗa'if, ni ce nake gidan. Har yau in na tuna na tsani kaina a kan kwanakin nan.

Mijina ya durƙusa, ya karɓi kofin daga hannuna, ya kira yaron da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba, ya ce ya sha, babu komai. Yaron ya dube shi, ya sake duban wansa, haƙora a datse. Bai san wannan muryar ba, bai yarda da ita ba. Na ga lokacin da uban ya gane haka, fuskarsa ta sauya. Ya ja numfashi, ya ɗaga kafaɗa, ya yi muryar ƙishla, wadda ke tashe su kowace asuba.

"Ishrab! Sha! Umarni ne."

"Hadir," yaron ya ce, amsar da soja ke ba na gaba da shi, da ƙyar ake ji.

Ya kama kofin da hannu biyu. Tsohuwar tana cewa a hankali, a hankali, amma ina, sai da ya ga ƙasansa. Ya yi tari, ya huta, ya lashe leɓe. Sannan ya ɗago ido ya dubi ubansa.

"Baba, in na yi yau, ni kaɗai za a bari. A tafi da su."

Babban ya fashe da kuka a bakin ƙofa, hannayensa har lokacin a manne da cinyoyinsa, don ba a sallame shi ba. Mijina kuwa sai ya zauna daɓas a cikin taɓon nan da kakinsa, ya ɗora kan yaron a cinyarsa, ya miƙo mini kofin ba tare da ya dube ni ba, ya ce in ƙaro.