Yatsana a Katin Karatun Hutu

A dogon hutun bara, lokacin da ruwan Agusta ke wuni yana zuba a Jos, jikata ta shigo gida da wani kati mai ruwan ɗorawa. Shekararta goma, kuma a hannuna take tun da aiki ya mayar da uwarta Vom. Ta ce an buɗe wurin aron littafi a ɗakin taron unguwarmu, nan bayan Abattoir. Yaro zai ari littafi ya karanta a gida, babba ya sa hannu a kati cewa an karanta, sannan ya mayar ya ɗauko wani. Wanda ya fi kowa za a ba shi jakar makaranta.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Acha nake regewa ina sayarwa tun ina budurwa. Wannan ma ni nake faɗa, ita take rubutawa. Amma ranar na gaya mata, in dai hannuna za a sa, sai na ji da kunnena. Ba na shaidar abin da ban gani ba.

Haka muka tsara. Da hantsi in zauna a baranda da ƙoraina biyu, ita kuma a kan 'yar kujera ta naɗe cikin suwaita. Ta karanta shafi da Turanci da ƙarfi, sannan ta faɗa mini da Hausa. Turancin ba na ji. Idonta nake kallo, da yatsan da ke juya takarda.

A littafi na uku na kama ta. Labarin wani tela ne da kwalekwale ya kife da shi. Yana tsakiyar ruwa, sai ga shi a gida yana cin tuwo.

"Wa ya fitar da shi?"

"Kaka, ai fita ya yi."

"Ke kika ce bai iya iyo ba."

"Wai ke tsohuwar nan 'yar sanda ce?"

"Koma baya."

Shafi shida ta haɗa ta juya lokaci guda. Kwana biyu na hana ta yatsana, tana kumbura baki, har sai da ta sake littafin daga farko. Ashe wata mai wanki ce ta miƙa masa gora.

Idan an gama littafi, sai ta goga mini tawadar biro a babban yatsa, in dangwala a layin. Ruwa da yashi sun cinye zanen yatsan nan, ko na'urar zaɓe sai an goge shi sau uku take yarda da ni. To shi nake da shi, kuma da shi na yi dangwale goma sha ɗaya.

Ranar Asabar ɗin da aka ba da kyauta, ta dawo babu kati, babu sallama. Ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Sai da na tsare ta sannan ta buɗe baki. Malamar da ke kula da wurin ta ɗaga katin a gaban yara, ta ce wannan dangwalen ita jikata ta yi da kanta. Ta ce ko da tsohuwar ce ma, yaya wadda ba ta karatu za ta san an karanta? Yara suka yi dariya. Jakar kuwa 'yar maƙwabcinmu aka ba, wadda na ga ubanta da idona ya ɗora kati a kan mota ya sa hannu a layi biyar yana sauri zai tafi ofis.

Ran Litinin na ɗaura zanen fita, na kama hannun yarinyar. Tana turjewa, ina ja.

Malamar yarinya ce ƙarama, mai tabarau, ba ta kai uwar jikata ba. Ta tashi ta gaishe ni.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Ina katin?"

Ta lalubo shi a ƙasan wasu takardu. Na ɗora yatsana kusa da dangwalen.

"Duba da kyau, 'yata. Na yaro ne wannan?"

"Mama, doka ce. Sa hannu aka ce."

"Wannan ƙafa ce?"

Yaran da ke layi suka juyo suna kallonmu. Na ce ta zaɓi kowane littafi a katin ta tambaye ni. Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta zaɓi na bakwai. Na ba ta labarin yarinyar da ta ɓoye ɗan akuya a ajinsu, da abin da akuyar ta ci, da wanda ya tona asiri. Ta ɗauko littafin tana buɗewa tana bin bakina. Ta zaɓi na uku, na ba ta tela da mai wanki da gorar. Na ce ta aika a kira oga maƙwabcina shi ma ya ba ta ko ɗaya cikin nasa.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce jaka dai an riga an bayar, ba a karɓewa.

"Kin ga na zo da hannun karɓar jaka? A gaban yaran nan kika ce ta yi ƙarya. A gabansu za ki janye."

Ta ce a yi haƙuri, can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba. Kunnen ma ya tsufa."

Ta maimaita da ƙarfi, ta kira sunan jikata, ta ce ta karanta littattafanta duka. Na karɓi katin na ƙulle a bakin zane.

Na ɗauka shi ke nan. Ina! Saura mako biyu a koma makaranta, yarinyar ta ce ba za ta ƙara taka wurin ba, ba za ta ƙara taɓa littafin da ba na jarrabawa ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Wata guda muka yi muna gina abu a barandar nan, mutum ɗaya ya rushe shi da baki a safiya ɗaya.

Sai na tafi da kaina. Na shiga layin yara da lemata, na tsaya har aka zo kaina. Ban san abin da aka rubuta a bangon littattafan ba, don haka na auna su a hannu, na ɗauki wanda ya fi nauyi. Malamar ta miƙo mini biro, sannan ta tuna, ta goga mini shi a yatsa da kanta.

Na ajiye littafin a kan 'yar kujerar. Kwana uku yana nan, ana kewaye shi. A na huɗu ina rege acha na ji an ja kujera.

"Kaka, kin san abin da kika ɗauko? Littafin kiwon kaji ne."

"Kajin ba su da labari? Karanta."

Ta karanta. Har yau na san abin da ake yi wa kaza mai mura.

Bana ma sun buɗe, ta kawo sabon kati. Na ce ta karanta mini abin da ke saman layin. Har yanzu sa hannu aka rubuta. Na ce ta miƙo biro.